Gasar ɗinkin mayun fim a Amurka: allura ta masoya, riba ta mai labari

Kowace shekara cikin watan Yuli, birnin San Diyego da ke jihar Kalifoniya ta Amurka yakan cika ya batse da wasu mutane waɗanda da a nan gida ne, da mayu za mu kira su. Ba masu kama kurwa nake nufi ba, ina nufin irin maitar da muke faɗi idan muka ce wane mayen ƙwallo ne, ko wance mayyar fim ɗin Indiya ce. Su waɗannan maitarsu ta finafinan jarumai masu tashi sama ce, da littattafan labaran zane, da wasannin bidiyo. Taron da ke haɗa su sunansa Comic-Con. An fara shi a 1970 da mutane ƴan ɗaruruwa, yau kuwa sama da mutum 130,000 ke zuwa cikin kwana huɗu. To a gefen wannan taro, tun daga 2014, ake yin wata gasar ɗinki mai suna Her Universe Fashion Show, kuma a kanta nake so mu zauna yau.

Na san mai karatu zai ce ina ruwan biri da gada, me ya haɗa mutumin Maraɗi ko Tawa da wasu Amurkawa masu ɗinka riguna saboda fim? Abin da ya haɗa mu tambaya ce da ta kamata kowane mai sana'ar hannu ya yi wa kansa: idan na zuba basirata da gumina a kan abin wani, wa zai ci ribar? A ganina gasar nan abar yabo ce ta fuskar sana'a, kuma akwai abin koyi a cikinta. Amma idan aka bi sawun kuɗin, za a tarar wanda ya mallaki labarin shi ke kwashe tsoka, mai allura kuwa yawanci da yabo yake komawa gida. Mu da muke da teloli a kowane lungu, ya kamata mu fahimci ɓangarorin nan biyu kafin mu yaba ko mu kushe.

Ga yadda ake yin gasar. Watanni kafin taron ana buɗe ƙofa ga duk mai so, ƙwararre ne ko ɗan koyo, ya aiko da zanen rigar da yake da niyyar ɗinkawa. Dole rigar ta samo asali daga wani fim, ko littafin zane, ko wasan bidiyo da mutum yake ƙauna. Daga cikin abin da aka aiko sai a tace mutum ashirin da wani abu, a shekarar farko ma 36 aka ɗauka. Kowa ya ɗinka tasa, ranar gasa a zo a yi fareti da su a babban zauren wani otal a gaban jama'a. Alƙalai su zaɓi gwani ɗaya, ƴan kallo su zaɓi ɗaya. Ladan waɗanda suka ci shi ne a ba su damar zayyana jerin tufafi da za a sayar a Hot Topic, wani kamfani mai shaguna sama da 600 wanda sana'arsa ita ce sayar wa matasa kayan da ke ɗauke da sunayen finafinai da mawaƙa. A 2014 Amy Beth Christenson ta ci da rigar da ta ɗauko daga fim ɗin Back to the Future, Andrew MacLaine kuma da rigar muguwar sarauniyar shirin Once Upon a Time. Shekara na zagayowa, tufafin da su biyun suka zayyana a kan jaruman Avengers suka shiga kasuwa.

Sharaɗin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ba a yarda mutum ya kwafo kayan jarumi kamar yadda suke a cikin fim ba. Kwafo kayan jarumi wani fanni ne daban, kuma ya daɗe. Tun a 1939, a babban taron farko na masoya ƙagaggun labaran kimiyya da aka yi a New York, wata mata mai suna Myrtle Douglas ta ɗinka wa kanta da abokinta Forrest Ackerman irin kayan da aka ƙiyasta mutanen nan gaba za su riƙa sawa, suka shiga taro da su. Daga baya Japanawa suka raɗa wa abin suna kosfile, har suka mayar da shi gasar duniya da ake yi a birnin Nagoya tun 2003. Duk wanda ya san tashe ya san kosfile: ka manna gemun auduga, ka naɗa rawani, ka zama wani na ɗan lokaci, a yi raha a watse. Gasar San Diyego ba tashe take nema ba. So take a ɗinka riga ta ainihi wadda mace za ta sa ta je biki da ita, wanda bai san fim ɗin ba ya ce kai, rigar nan ta yi kyau, wanda ya sani kuma ya gane jarumin da ake nufi daga launi, da yanka, da wani ɗan ado a wuya ko a hannu.

Wannan ya fi kwafi wuya nesa ba kusa ba. Habaici ne ake yi da allura, a faɗi magana ba a kama suna ba, mai ita ya ji a jikinsa. Sai mutum ya zauna ya tambayi kansa: me ya sa wannan jarumi ya zama shi? Fushinsa wane launi ne? Idan sarauniyar nan yadi ce, mai nauyi ce ko mai shara-shara? Kakanninmu sun san irin wannan karatu. Wanda ya ga babbar riga mai aska takwas ba sai an rubuta masa a ƙirji cewa mai ita babba ne ba, aikin da ke jikinta ya riga ya faɗa. Ko a wuraren shaƙatawa na Disney, inda aka hana wanda ya kai shekara 14 shiga da kayan kwaikwayo, masoya sun gano wannan dabara. Wata mai suna Leslie Kay ta fara koya wa mutane a intanet, tun 2011, yadda za su haɗa kayan yau da kullum masu launin jarumin da suke so, su shiga ba tare da sun karya doka ba.

Wadda ta ƙirƙiro gasar, Ashley Eckstein, ƴar wasa ce. Ita ce muryar Ahsoka Tano a katun ɗin Star Wars da aka fara a 2008. Ta sha ba da labarin cewa da ta fita neman rigar Star Wars ta mata, sai ta tarar kusan duk abin da ke kasuwa a jikin maza aka yanka shi, ƴan kasuwa kuma na cewa ai mata ba za su saya ba. A 2010 ta kafa Her Universe, ta samu lasisi daga Lucasfilm, kamfanin da ke da Star Wars, ta fara yi wa mata tufafi. Kasuwa ta ƙaryata masu cewa ba za a saya ba. Gasar da ta biyo baya ta buɗe ƙofa ga mutanen da manyan gidajen kayan ƙawa na Paris da Milan ba za su ko kalle su ba, irin waɗanda suka koyi ɗinki a keken uwarsu ko a bidiyon intanet. Ita kanta ta taɓa fitowa a 2016 sanye da rigar da aka haɗa da ƙananan tubalan LEGO sama da 10,000, kuma MacLaine, wanda ya ci gasar farko, yana cikin waɗanda suka yi ta. Wannan duk na yaba, kuma ba yabon baka kaɗai ba ne. Wanda ya ba ɗan koyo fili ya nuna hannunsa ya yi abin kirki.

Sai dai kuma mu duba aljihun da kuɗin ke shiga. Bayan da George Lucas ya fito da Star Wars a 1977, daga baya ya mallaki haƙƙin duk wani kaya da za a sayar da sunan fim ɗin, daga ƴar tsana har riga, kuma wannan ya zama ɗaya daga cikin manyan tushen arzikinsa. Manyan kamfanoni sun ɗauki darasin. A 2009 Disney ya saye Marvel, mai jaruman Avengers, a kan kusan dalar Amurka biliyan 4. A 2012 ya saye Lucasfilm a kan biliyan 4 da ɗoriya. A 2019 ya haɗa da mafi yawan kadarorin fim da talabijin na kamfanin Fox a kan sama da biliyan 71. Ba gine-gine da kyamarori suka ja wannan farashi ba, labarai ne, da izinin cewa ba wanda zai buga sunan jarumi a hula ko jaka sai ya biya. A ɗaya gefen kuma, a 2016 Hot Topic ya saye Her Universe ɗungurungum. Ke nan shagon da ke sayar da kayan waɗanda suka ci gasa, shi ne kuma mai gasar.

To ka tsaya a matsayin kamfani ka duba abin da dare ɗaya ke kawo maka. Mutum ashirin da wani abu sun shafe watanni suna tunani da ɗinki a kan labarinka. Sun kawo maka sababbin dabaru. Zauren ya cika da mutanen da su ne masu saye gobe, kuma da tafinsu sun gaya maka abin da zai shiga kasuwa. Hotunan sun bazu a Instagram da sauran shafuka, talla ce da ba ka biya ba. A ƙarshe mutum biyu, wasu shekarun uku, ka ɗauka. Sauran sun koma gida da rigar da ba za su iya ɗinka ta da yawa su sayar da sunan jarumin ba, domin sunan na wani ne, kuma lasisi ba abin da ɗan ƙaramin tela zai iya saye ba ne.

Dokar ma ta karkata ɓangare ɗaya. A Amurka haƙƙin mallaka bai kare yankan riga ba, saboda doka na kallon riga a matsayin kayan amfani, kamar kujera ko cokali. Abin da take karewa shi ne zane ko hoton da za a iya raba shi da rigar ya tsaya da kansa, kamar yadda Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2017 a shari'ar da aka yi tsakanin kamfanonin Star Athletica da Varsity Brands. Jarumin labari kuwa, idan kamfani ne ya mallake shi, ana kare shi har shekara 95. Mickey Mouse na farko, wanda ya fito a 1928, sai ranar 1 ga Janairun 2024 ya kuɓuta daga wannan kariya. Ma'ana, idan wani babban shago ya ga yankan da telar nan ta ƙirƙiro ya kwaikwaya, da wuya ta samu inda za ta kai kuka. Idan kuwa ita ce ta sa hoton jarumin a rigarta ta sayar, lauyoyi za su iske ta har gida.

Kada a ɗauka zato ne kawai, an yi. A 2002 gidan talabijin na Fox ya nuna wani shiri mai suna Firefly, ya dakatar da shi tun bai cika shekara ba. Masoyansa suka ƙi bari ya mutu, suka yi ta sayen faifansa suna ta kiraye-kiraye har aka yi masa fim a 2005. A cikin shirin akwai wani ƙato mai suna Jayne da uwarsa ta saƙa masa wata hular sanyi mai ban dariya, ja da rawaya da ruwan goro, mai kunnuwa da tuntu. Hular nan ta zama alamar masoya. Shekara da shekaru mata suna saƙa ta da hannu, suna sayar wa juna a shafin Etsy, suna sawa a taruka. Da aka ga tana da kasuwa, sai Fox ya ba wani kamfani lasisin yin ta, kuma a watan Afrilun 2013 masu saƙa suka fara samun takardun gargaɗi, aka sauke kayansu daga shafin. Surutu ya yi yawa har shagon ThinkGeek, mai sayar da hular kamfani, ya ce zai ba da ribarsa sadaka. Amma hula ta tabbata ta mai labari. Waɗanda suka raya ta da hannunsu sai da suka koma sayarwa ba tare da kama sunanta ba, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wani zai ce ai kamfani ne ya zuba dukiyarsa ya yi fim, ya biya marubuta da masu zane, don haka haƙƙinsa ne. Gaskiya ne, ban musa ba. Wanda ya shuka shi ke girbi, kuma da ba a kare labari, da marubuci ma bai ci ba. Haka nan ba wanda aka tilasta wa shiga gasar, kuma akwai waɗanda ta zame musu tsani. Abin da nake ja a kai shi ne a daina sayar mana da abin a matsayin biki na ƙauna zalla. Ciniki ne, kuma a cikin cinikin ɗaya yana da takarda, ɗaya yana da so. Mai so ya shiga da idonsa buɗe, ya san abin da zai samu da abin da ba zai samu ba.

Mu kuma a ina muke tsaye cikin wannan ciniki? A can ƙarshen layi. Ka zaga babbar kasuwar Maraɗi, ko kasuwar Dole a Damagaram, ko Katako a Yamai, ka duba tulin bosho da sababbin kayan da ke shigowa daga Sin. Spider-Man ne, Batman ne, Naruto ne, ga rigunan Barcelona da Real Madrid. Yaro na sanye da jarumin da bai taɓa ganin fim ɗinsa ba, uban da ya saya masa kuma araha ya bi. Ba mu ƙirƙiri labarin ba, ba mu zayyana rigar ba, ba mu ɗinka ta ba, namu kawai sawa, wani lokacin ma bayan wani ya gama da ita.

Wani ɗan ƙasar nan ya hango wannan tun da daɗewa. A 1966 Moustapha Alassane, wanda ya shafe shekaru masu yawa a Tawa kuma ya rasu a 2015, ya yi fim mai suna Le Retour d'un aventurier. Labarin wani saurayi ne da ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa. Suna sa hula da takalmi sai suka sake suna, suka hau dawaki, suka addabi gari da faɗa da ɓarna kamar yadda suka gani a silima. A cikinsa Zalika Souley ta fara fitowa. Kusan shekara hamsin kafin gasar San Diyego, Alassane ya riga ya nuna cewa tufafin fim ba yadi kaɗai ba ne, labari ne ake sawa a jiki, kuma wanda ya aro riga yakan aro hali tare da ita.

Abin ya kuma bi ta ɗaya hanyar. A 2018 fim ɗin Black Panther ya fito, ya tara sama da dalar Amurka biliyan 1.3, kuma a ƙasashe da dama mutane sun je kallonsa sanye da kayan Afirka. Ruth Carter, wadda ta zayyana tufafin fim ɗin, ba ta ɓoye inda ta ɗebo ba: bargon Basotho, da hular matan Zulu, da adon Masai, ƙabilar fatake ta cikin labarin kuma daga shigar Abzinawa ta ɗauko ta, rawani da shuɗi da azurfa. A 2019 ta ci kyautar Oscar, ita ce baƙar fata ta farko da ta ci a wannan fanni, kuma ta cancanta. Amma ka lura da abin da ya faru. Shigar da muke gani kullum a Agadas da Abalak ta shiga cikin labarin wani, ta fito da tambarin Marvel. Maƙerin azurfa na Agadas ba shi da takardar da za ta hana a ɗauki adonsa, kamfanin kuwa yana da takardar da za ta hana a taɓa jaruminsa.

Darasin da na ɗauka daga duk wannan shi ne mu ari sharaɗin gasar, mu bar musu labaransu. Hannu dai muna da shi. Duk wanda ya ga telolinmu ana saura kwana goma salla, keke na kuka har asuba, ya san ba ƙwarewa ce ta yi mana ƙaranci ba. Matsalar ita ce yadda muka saba da su. Mace ta zo da waya, ta nuna hoton wata ƴar fim ɗin Hausa ko wata amarya a TikTok, ta ce irin wannan sak nake so. Namiji ya kawo tsohon kaftani ya ce a bi shi. Kuɗin ɗinki muke biya, ba mu san kuɗin tunani ba, shi ya sa tela mai basira yake tsufa yana kwafi. Fili ma muna da shi. Tun 1998 Alphadi ya kafa bikin FIMA a hamadar Tigidit kusa da Agadas, kuma a cikinsa akwai gasar matasa masu zayyana tufafi. Akwai cibiyoyin koyon sana'a a jihohi, akwai ƙungiyoyin teloli. Abin da ya rage shi ne wani ya ce da su: ga labari, ku ɗinka mana shi, amma ban da kwafi.

Labaran kuwa ga su nan zube. Sarauniya Mangu ta Lugu da ta tsaya wa rundunar Voulet da Chanoine a 1899, wadda Abdoulaye Mamani ya rubuta littafi a kanta a 1980, Med Hondo ya yi fim a 1986 har ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. Daurama da rijiyar Kusugu. Gizo da Ƙoƙi, da kowane yaro ya sani. Ayarin gishirin Bilma. Ƙasusuwan dabbobin farkon duniya da aka tono a Gadufawa, waɗanda yara ke tsayawa baki buɗe suna kallo a gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai. In kuwa mayu ake nema, a je filin kokowa. Tun da aka fara gasar takobi a Tawa a 1975, ba abin da ke tsayar da ƙasar nan cak kamar ta. Ka ƙiyasta kaftanin da aikin wuyansa ya ɗauko tsarin layun ɗan kokowa, ko doguwar riga mai surfanin yanar Gizo, ko mayafi mai launin turkuɗi da farin gishiri. Mutumin da ya sani zai gane, wanda bai sani ba zai tambaya, a nan kuma labari ya samu sabon mai ji.

Na san akwai masu cewa irin waɗannan taruka wurin nuna tsiraici ne, kuma riga mai hoton fuska ba a shiga masallaci da ita. Damuwarsu tana kan hanya, kuma da yawa daga rigunan San Diyego ba za su sawu a nan ba. Amma sharaɗin hana kwafi shi da kansa ya warware rabin matsalar, domin ba fuska ake so ba, launi ne da yanka da aiki. Sauran rabin kuma a hannun masu shirya gasa yake: su ce rigar da ba za ta shiga gidan suna ko ɗaurin aure a Tasawa ba, ba ta shiga gasa. Akwai kuma masu cewa ga tsadar hatsi, ga rashin tsaro, wa ke ta riga? Amsata ita ce ɗinki ba wasa ba ne a ƙasar nan, abinci ne. Da shi dubban gidaje ke cin tuwo, kuma duk jikar da ta tafi wajen rigar Spider-Man jika ce da ba ta shiga aljihun telan unguwa ba.

Sai dai in za a yi, kada a maimaita abin da nake kuka da shi, a canza Disney da wani alhaji ko wani kamfanin waya mai ɗaukar nauyi. Tun kafin a yanka yadi a rubuta a takarda cewa zanen na mai shi ne, ko ya ci ko bai ci ba. Idan za a ɗinka da yawa a sayar, sunansa ya fito a wuyan rigar, kuma ya samu kaso a kan kowace ɗaya. Hanyar yin haka tana nan. Nijar tana cikin ƙasashe 17 na ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde, wadda yarjejeniyar Bangi ta 1977 ta kafa, kuma tana rajistar zanen kayayyaki, har da na tufafi. A can aka yi wa kilishin Nijar da albasar Galmi rajista. Muna kuma da hukumar BNDA mai kula da haƙƙin masu fasaha. Haka nan idan labarin yana da mai shi a raye, a nemi izininsa a raba da shi. Tarihin Sarauniya na kowa ne, amma littafin Mamani da fim ɗin Hondo suna da magada. Sunan Issaka Issaka nasa ne, wanda zai ci kasuwa da shi ya je ya gan shi.

Mayun San Diyego sun nuna cewa mutum na iya son labari har ya shafe watanni yana mayar da shi riga, kuma ana iya tara dubban mutane su zo su kalli wannan so. Sun kuma nuna, ko da ba da niyya ba, cewa so ba ya ba ka mallaka. Matasanmu da ke zaune a fada suna shan shayi suna gardamar Naruto da Avengers ba laifi suka yi ba, labari mai daɗi ba ya da ƙasa. Roƙona ga telan cikinsu shi ne ranar da zai zauna ya ƙirƙiro abin da zai sa sunansa a kai, ya zaɓi labarin da ba wanda zai aiko masa da takardar lauya a kansa. Roƙona ga mu masu kai ɗinki kuma, ko sau ɗaya a shekara mu ajiye wayar a aljihu, mu ba tela yadi, mu ce masa ya yi tunani, mu biya shi kuɗin tunanin. Allah ya sa wa sana'o'inmu albarka.